Ɗigon da Bai Jure Zazzaɓi Ba

Litinin, 3 ga Maris

Auta 'yata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya aiki, ya zaman garin mutane? Mamanku tana gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko har yanzu a tsaye kike cin abinci kamar mai gadi.

Kin san kunnena ya yi ritaya kafin ni. Jiya da kika kira, na ga bakin mamanku yana motsi, na ga tana share ido da gefen mayafi, amma ban tsinci ko kalma ɗaya ba. Shi ya sa na ɗauko biro. Ita takarda ba sai an ɗaga min murya ba.

Maganar yayanki ce. An gaya miki yana fama da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, amma ba a gaya miki sauran ba, don ni na hana. Wata biyu ke nan yana ramewa. Ranar Alhamis muna ɗora firjin wani mai shago a kan benci, sai na ga ya saki gefensa ya dafe ciki. Mutumin da yake ɗaukar kwamfiresa, injin firji, da hannu ɗaya yana waya da ɗayan! Muka rufe shago muka tafi asibiti. Aka shafa masa man nan mai sanyi, mai sikan, wato hoton ciki, ta daɗe tana goga abin a ƙarƙashin haƙarƙarinsa, sannan ta tashi ta kira likita.

Akwai wani abu a hantarsa, kamar ƙwan tantabara. Likita ya rubuta min a takarda cewa hoton bai nuna ko mugu ne ko na banza ne ba. Babban hoton nan da ake tura mutum cikin inji, sai an yi masa allurar wani ruwa, kuma ƙodarsa ba za ta ɗauka ba. Kin san tun ciwon da ya yi yana ƙarami ba ta da ƙarfi. Abin da ya rage shi ne a soka doguwar allura a tsakuro ɗan nama. Shi likitan da kansa ya ce wurin yana kusa da babbar jijiya, ana iya samun zubar jini.

Tun ranar nake tuna zuwanki na bara, da kika zauna a kan gwangwanin gas kika yi min zane a bayan kwali. Kika ce kuna haɗa wani ɗigo da ya fi ƙwayar jini ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ana sa shi a jijiya yana ruwa, idan sautin sikan ya buge shi sai ya tashi ya zama kumfa, kumfar ta haska a allo kamar an kunna fitila a cikin mutum. Kika ce ba ruwansa da ƙoda. Na ce ashe sana'ata kika gada, ruwan da yake komawa gas, sai dai ke rigarki fara ce tawa mai maiƙo. Kika kuma ce a watan Mayu za ku fara gwada shi a jikin mutane a asibitin da ke kusa da ku.

Auta, ban taɓa roƙonki komai ba. Ki sa sunan yayanki.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki

*

Lahadi, 9 ga Maris

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Mama da Yaya da matarsa. Wasiƙarka ta same ni a wurin aiki. Na karanta ta a tsaye a bakin famfo, sai da na sake wanke fuska kafin in koma ciki. Me ya sa kuka ɓoye min har wata biyu?

Baba, na rubuta amsa sau biyu ina yagewa, domin a duka biyun ƙarya na yi maka. Na ce wai ba a sa ɗan'uwan ma'aikaci, wai an cike gurbi. Gara in gaya maka abin da yake akwai, tunda ka fi mutane da yawa a nan fahimtar aikin.

Ruwan da ke cikin ɗigon nan irin gas ɗinku ne, mai son tashi. Da za a bar shi a fili, ko a tafin hannu ba zai zauna ba. Abin da ke riƙe shi shi ne wata siririyar fata ta kitse da muke naɗe shi da ita, da kuma ƙanƙantarsa. Shekara huɗu ina neman tsakiya: idan na yi shi da tauri, sai an buga masa sauti mai ƙarfin da zai cutar da nama kafin ya tashi, idan na yi shi da laushi, sai ya tashi ba a kira shi ba. Na ɗauka na samu tsakiyar. Shi ya sa na zo maka da zane da bakin alfahari.

A watan jiya muka yi wa ɓeraye ashirin allurar. Sha bakwai lafiya lau, hoton hantarsu ya fito tas, har Farfesa, shugabanmu, ya tafa. Uku sun mutu kafin la'asar. Matar da ke kula da ɓerayen, muna ce mata Anti, ita ta zo ta ja ni gefe. Ta ce, "'Yata, waɗannan ukun keji ɗaya suke, kuma tun da safe jikinsu da zafi, na rubuta a katinsu ba wanda ya duba." Da aka buɗe su, huhunsu cike yake da kumfa. Ɗigon ya tashi da kansa, a inda ba a aike shi ba.

Farfesa ya ce ba zazzaɓi ba ne. Ya ce kwalbar da aka yi wa ukun nan amfani da ita ce ta lalace, domin firjin da muke ajiya tsoho ne, wataƙila ya yi ɗumi. Ya ce a rubuta "kuskuren ajiya" a cire su daga lissafi. Yana iya zama gaskiya. Wallahi ina so ya zama gaskiya. Amma ban sani ba, kuma Yaya zazzaɓi yake yi.

Ku koma wurin likitan ku saurari maganar allurar nan da kyau. Ana yin ta kullum, kuma masu yin ta suna kallon jijiyar a allo yayin da suke soka. Ka ba ni lokaci in gane inda matsalar take.

Ka yafe min. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.
'Yarka, Auta

*

Juma'a, 14 ga Maris

Auta,

Sallama da gaisuwa. Kowa yana amsawa. Yayanki ya ɗan ji sauƙi, jiya har ya leƙo shago ya yi min faɗa wai na bar walda a buɗe.

Wasiƙarki ta tsorata ni a shafi na farko, ta faranta min a na biyu. Firji! Yarinya, kina da uba mai shekara talatin da takwas a cikin firji, kike zaune kina kuka? Farfesanku ya yi gaskiya, na rantse zan iya ganin firjin daga nan. Tsohon firji maƙaryaci ne, lambar da yake nunawa a goshi daban, abin da ke cikinsa daban.

Ga abin da za ki yi, kuma kar ki ba kowa, ki yi da hannunki. Ki samu farar takarda ki sa a bakin ƙofa ki rufe, ki ja. Idan ta zare da sauƙi, robar ƙofar ta mutu. Ki yi haka sama da ƙasa da gefe, musamman kusurwar ƙasa ta wajen hannu, nan suke fara sakewa. Sannan ki sa ma'aunin zafi a cikin kofin ruwa, kar ki sa shi a iska, iska tana ruɗi. Kofi ɗaya a inda kwalbar ta zauna, ɗaya a can ciki. Ki riƙa dubawa daga safe zuwa tashi daga aiki, kwana uku. Ki sa kunne ki ji kwamfiresa, idan yana tashi yana mutuwa kamar mai tari, ki gaya min. Ki taɓa bayansa ki ji ko ƙura ta toshe shi. Ki kuma tambayi masu shara ko suna zare filogi su sa na injinsu. Wannan ya kashe firji fiye da tsufa.

Za ki samu laifin a can, in sha Allahu. Ɗigonki lafiyarsa ƙalau.

Akwai abin da na yi, gara ki ji daga bakina. Da na ga kina jan ƙafa, na ɗauko katin da kika bar mana mai adireshin wurin aikinku, na rubuta wa Farfesa da kaina. Na gaya masa ni ne mahaifinki, na sa masa kwafin takardun asibiti. Kar ki yi fushi. Mamanku ta ce na zubar miki da mutunci, na ce mutunci ana sake tara shi.

Maganar allurar tsakuro nama kuwa, mun ɗaga ta. Me zai sa a soki mutum kusa da jijiya alhali ƙanwarsa tana da abin da zai nuna komai ba tare da jini ba?

Ina jiran labarin kofin ruwa.
Babanki

*

Asabar, 29 ga Maris

Baba,

Ina gaisuwa, ina neman afuwar jinkiri. Allah ya sa Yaya yana samun sauƙi.

Na yi duk abin da ka ce. Takarda ta ƙi zaruwa a ko'ina, har ta yage a hannuna a kusurwar ƙasa. Kofin gaba digiri huɗu, na ciki uku da rabi, kwana biyar na yi maimakon uku, bai motsa ba. Kwamfiresa yana aikinsa shiru. Masu shara suna da nasu soket a baranda. Baba, firjin nan tsoho ne amma ba ya ƙarya. Da ka gan shi da ka shafa kansa.

Da na ga haka sai na haɗa sabon ɗigo, na raba shi kwalba uku, na sa kowacce a ruwan ɗumi. Ta farko a zafin jikin mai lafiya, talatin da bakwai: ta wuni ba abin da ya same ta. Ta biyu a talatin da tara: bayan awa biyu ta fara yin fari. Ta uku a arba'in: kafin in gama rubuta lokaci a littafi, saman ta ya yi kumfa kamar an kaɗa sabulu. Na maimaita sau huɗu, Anti tana tsaye a bayana. Manya-manyan cikin ɗigon ne suke fara tashi, su ja sauran. Ana iya gyarawa, a tace manyan, a gauraya ruwan da wani mai nauyi. Amma sai an koma kan ɓeraye daga farko. Shekara guda, in an yi sa'a.

Na kai wa Farfesa ranar Talata. Ya duba hotunan kwalaben ya daɗe, sannan ya cire tabarau ya ce in rufe ƙofa. Ba mugun mutum ba ne, Baba. Shekara goma sha ɗaya ya ba aikin nan, gashinsa a kansa ya yi fari.

Ya ce, "To, na ji. Sai mu ƙara layi ɗaya a ƙa'ida: mai zazzaɓi ba ya shiga. Shi ke nan. Ba sai mun tayar wa kwamiti da hankali da ɓeraye uku ba."

Kwamitin da yake nufi su ne masu ba da izinin gwaji a jikin mutane. Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗigon yana kwana a jiki. Idan zazzaɓin ya zo bayan allura fa? Likitan da ke kan gadon bai ma san abin da zai nema ba."

Sai ya ja aljihun tebur ya fito da wasiƙarka. Na gane rubutunka tun daga nesa. Ya ce, "Mutum goma sha biyu za mu fara da su. Na yi magana da asibiti, yayanki ne na bakwai. Idan takardarki ta je kwamiti, babu na ɗaya balle na bakwai. Ki je ki yi tunani."

Na yi tunanin, Baba. Kwana biyu ina kallon lambar bakwai a ko'ina. Na ce a raina, in bari a yi wa Yaya a ranar da jikinsa yake da sanyi, in zauna a gefensa da ma'auni. Sai na tuna ka rubuta min cewa zazzaɓinsa tafiya yake yana dawowa, ba ya sallama. Na kuma tuna sauran sha ɗayan, su ba su da ƙanwa a nan da za ta zauna musu da ma'auni.

Ranar Alhamis da safe na kai rahoton ofishin kwamiti, da katin da Anti ta rubuta, da sa hannuna. Jiya aka dakatar da gwajin.

Don Allah ku koma ga likita a wannan makon. An riga an ɓata wata guda saboda ni.

'Yarka mai neman gafararka,
Auta

*

Alhamis, 3 ga Afrilu

Zuwa ga Malama mai bincike,

Bayan gaisuwa. Takardarki ta iso, an karanta.

Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na iya ƙidaya. Ashirin aka yi wa, sha bakwai suka rayu, hantarsu ta fito tas, ke kika rubuta da hannunki. Farfesa, wanda ya koya miki aikin, ya kawo hanya: a duba jikin mutum, idan da zafi a bari. Ni da nake uban yaron na yarda. Ke kika fi mu duka sani.

Da kika tashi kai takardarki, kin tambaye ni? Kin tambayi mamanku? Kwana biyu kika ce kin yi kina tunani. A kwana biyun nan wasiƙa tana zuwa, jirgin ƙasa yana zuwa. Kika yanke ke kaɗai, sannan kika aiko mana da labari kamar sanarwar rasuwa.

Abin da ya fi ci min rai, da hannuna na nuna miki yadda za ki wanke firjin nan daga laifi. Na zauna ina rubuta miki kofi da takarda ina murna, ashe ƙofa nake taya ki rufewa a fuskar ɗana. Da na sani da na ce miki ban san komai a kan firji ba.

Kin ce sauran sha ɗaya. Allah ya ba su lafiya, ban san su ba. Ni ɗaya na sani. Shi ne ya goya ki zuwa makaranta shekarar da kika karye a ƙafa, shi ya bar karatu ya shigo shago don ke ki ci gaba. Yau wandonsa sai da igiya yake zama.

Kar ki wahalar da kanki da amsa. Idan akwai labari mamanku za ta kira ki.

Mahaifin mara lafiya

*

Laraba, 23 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaishe ka, ya jiki? Ya matarka da ɗawainiya? Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne.

Na rubuta wa Baba sau uku, shiru. Idan na kira Mama sai ta ce "da sauƙi" ta fara min maganar labule. Wayarka kuma kullum matarka ce take ɗauka ta ce kana barci. Na san ba barci kake ba. Shi ya sa na aiko wannan ta hannun mai kantin gilashi na kusa da ku, don ta shiga hannunka kai tsaye.

Ban san me aka gaya maka ba. Gaskiyar ita ce an sa sunanka a gwajin, ni kuma na sa aka dakatar da shi. Ba zan ce maka na tabbata da an yi maka allurar da wani abu ya same ka ba. Wataƙila da lafiya lau za ka tashi, da yanzu an san abin da ke hantarka. Wannan tunanin shi nake kwana da shi nake tashi da shi.

A nan an ɗauke ni daga aikin. Ba a kore ni ba, an mayar da ni wani ɗaki a ƙasa inda nake auna kayan wasu. Farfesa yana amsa gaisuwata da kai. Waɗanda muka yi shekara huɗu muna cin abinci tare, yanzu idan na shigo sai kowa ya tuna yana da aiki. Anti mai ɓeraye kaɗai take zama kusa da ni. Ba don ka tausaya min na faɗa ba, don kar ka ji a wani wuri ne.

Na so in taho, amma ina tsoron in tsaya a ƙofar shago Baba ya juya min baya. Ka gaya min gaskiya: kana jin haushina? Kuma me ake ciki da maganar allurar tsakuro naman?

Ƙanwarka

*

Talata, 29 ga Afrilu

Ke Auta,

Gaisuwa. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ni da biro ba ma shiri, kuma a kwance nake.

Mai gilashi ya kawo min wasiƙarki a ɓoye cikin jarida kamar mai safarar kayan laifi. Na yi dariya har cikina ya amsa.

Kin tambaya ko ina jin haushinki. Na ji, ba zan ɓoye miki ba. Kwana uku na yi ina zaginki a zuci, don na riga na sa rai. Har na gaya wa matata zan zo garinku a kunna min fitila a ciki. Amma kin san abin da ya fi ba ni haushi? Ke da Baba kun yi wata biyu kuna aika wa juna takardu a kan hantata, ba wanda ya ce bari mu tambayi mai hantar. Shi ya rubuta wa Farfesa ban sani ba, ke kin kai rahoto ban sani ba. Sai da na ga yana ɓoye takarda a ƙarƙashin akwatin sukurudireba na ɗauko na karanta duka.

Da an tambaye ni, ga amsata: ban sani ba. Wata rana ina cewa da na shiga ko da ɓera goma ne suka mutu. Wata rana, idan zazzaɓin ya kama ni ina karkarwa har gado yana ƙara, sai in tuna kwalbarki ta uku. Ranar Asabar matata ta auna ni, talatin da tara da ɗigo takwas, kuma da safen ranar lafiyata ƙalau har na yi aski. Baba ya karɓi ma'aunin ya kai bakin taga ya daɗe yana kallo. Ya fita ya je shago ya kwance wani firji da ba abin da ya same shi.

Maganar wai na bar karatu dominki, ki cire ta a ranki. Lissafi ne ya kore ni, ke shaida ce. Baba yana son labarin ne kawai don ya fi daɗin faɗa.

Yanzu ga labari. Ranar Litinin ta makon jiya na sa matata ta raka ni, na sa hannu da kaina, aka yi allurar tsakuro naman. Baba bai sani ba sai da aka gama. Na yi jini kaɗan, suka riƙe ni kwana biyu, ya tsaya. Zafinta kuwa kar ki tambaya, na kira sunan Mama a gaban nas-nas, mutuncina ya zube a wurin. Sakamako sai bayan kwana goma. Likitan ya ce da an yi tun Maris da ya fi. Na gaya miki ne don na san za ki tambaye shi da kanki, gara ki ji a wurina. Wannan jinkirin namu ne mu duka, kar ki ɗauke shi ke kaɗai kamar kayan gado.

Wasiƙunki uku suna aljihun rigar aikinsa. Ya karanta su har sun yi baƙi da mai. Ki ƙyale shi, kin san shi, sai ya gama zafi yake sanyi.

Kuma ki gyara ɗigon nan. Ko a ɗakin ƙasa ne. Ba don ni ba, ni dai an riga an soke ni. A layin sikan na zauna kusa da wata mata mai ƙoda irin tawa, ita ko allurar tsakuro naman ba za a iya yi mata ba.

Ki gaida Anti mai ɓeraye, ki ce wani ɓera babba yana gaishe ta.

Yayanki

*

Juma'a, 9 ga Mayu

Auta,

Assalamu alaikum.

Sakamako ya fito. Abin da muke tsoro ne. Likita ya ce ya ƙara girma, amma bai bazu ba, za su yanke gefen hantar. An sa aiki ranar Talata da safe. Bai yi mana alkawarin komai ba.

Ban ce kin yi daidai ba, ban ce kin yi kuskure ba. Na juya abin har na gaji, ban sani ba. Wasiƙar da na aiko miki ta ƙarshe, ki ƙona ta.

Suna so a ajiye jini leda uku kafin a shiga da shi. Na miƙa hannuna suka ce na tsufa. Na matarsa bai dace ba. Mai gilashi ya ba da ɗaya, wani abokinsa ɗaya. Mamanku ta ce naki irin nasa ne.

Akwai jirgin ƙasa ranar Lahadi da hantsi. Zan tsaya a tasha, wajen ƙofar fita. Ki ci abinci sosai kafin ki taso, kuma a zaune.

Babanki